Riƙon halin ruwan kristal a fuskar gilashi yake

Ɗalibanmu na fiziks a Aliero da Gusau sukan ɗauka cewa ruwan kristal na feroilektrik, wato sinadari mai gudana kamar ruwa amma ƙwayoyinsa a jere kamar na kristal, kuma mai ɗauke da cajin kansa, da kansa yake riƙe halin da aka bar shi bayan an ɗauke wuta. Sinadarin yana da nasa rabon, amma galibin aikin na gilashin da ya matse shi ne.

Ƙwayoyin ruwan kristal ɗin sirara ne kamar tsinke, suna jere hawa-hawa, kowace ta ɗan karkata, karkatar kuma tana murɗawa daga hawa zuwa hawa kamar igiya. Robert Meyer da abokan aikinsa ne suka nuna a 1975 cewa irin wannan jeri yana ɗauke da cajin kansa. A 1980 Noel Clark da Sven Lagerwall suka matse shi tsakanin gilashi biyu masu tazarar kusan maikromita 2 (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), murɗin ya warware, ƙwayoyin suka rage da mazauni biyu kacal, hagu ko dama. Bugun wuta ne ke juya su daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma mazaunin da aka bar su shi ne halin da ake so su riƙe. Abin da ake nema shi ne karkatar digiri 22.5 kowane ɓangare, jimla 45.

Ana shafa wa gilashin foliyimid siriri (wani nau'in roba ne), a gasa, sannan a goge shi da ƙyallen karan-miski ta fuska ɗaya. A cika ruwan da zafinsa, a bar shi ya huce sannu a hankali, kamar digiri ɗaya a minti ko ƙasa da haka, ya bi matakansa: nematik (ƙwayoyin na kallon fuska ɗaya ba tare da hawa-hawa ba), simektik A (sun jeru hawa-hawa a tsaye), sannan simektik C (sun karkata a cikin hawa-hawan). Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga tabo-tabo a maikroskof.

Wajen gugar ne ake yawan faɗuwa. Idan ta yi ƙarfi, gilashin yakan damƙe ƙwayoyin, ana ɗauke wuta su zame su koma bin layin gugar, mazaunan biyu su kusa haɗewa. Idan ta yi sanyi, jerin ma ba zai samu ba. In kuwa gilashi ɗaya ya fi ɗan'uwansa riƙo, mazauni ɗaya zai rinjaya, ɗayan ba ya daɗewa. Kaurin foliyimid ma illa ne, domin caji yakan taru a jikinsa tare da ƙazantar ayon (ƙananan ƙwayoyi masu caji) da ke cikin ruwan, sai su haifar da ƙarfin lantarki mai ja baya wanda ke rushe halin da aka bar ƙwayoyin. Shi ya sa sinadari mai caji da yawa, duk da saurinsa, sau da yawa ya fi mantuwa, kuma shi ya sa kowane bugun wuta ake haɗa shi da kishiyarsa.

Sai lanƙwasa. Yayin shiga simektik C hawa-hawan sukan tsuke, gefensu kuma na manne da gilashi, sai su karye a tsakiya kamar rufin kwano mai doro. Inda doro mai kallon gabas ya haɗu da mai kallon yamma, layi mai zigizaga yakan fito yana yoyon haske, kusurwar da ke tsakanin mazaunan biyu ta ragu sosai. Wuta mai kai-da-komo a hankali takan ɗan miƙe su.

A nan Kebbi da Zamfara kuwa, ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta ɗage tazarar maikromita 2, don haka a haɗa gilashin a rufaffen wuri. Zafin Afrilu mai haura digiri 40 yana rage kusurwar karkata, sai a rubuta zafin ɗaki tare da kowane awo. Kuma kada a danna gilashin da yatsa. Hawa-hawan in sun rushe ba sa gyaruwa da kansu, sai an sake narkar da ruwan an bar shi ya huce daga farko.