Lissafin Ricardo da na zauna nayi da hannuna

A darasin cinikayya tsakanin ƙasashe an saba jero mana masana tattalin arziki ne kawai, masu tara zinare, sai Adam Smith, sai David Ricardo, sai John Stuart Mill, kowa da shekararsa, ka haddace ka juye a jarabawa. Toh da aka ɗora min yiwa abokan karatuna bitar wannan babin sai nace bari in ɗauki biro in buga lissafin da kaina tukuna, don bana son in tsaya gaban mutane ina maimaita abinda ban gwada ba.

Na farkon basu ci min lokaci ba. Irinsu Thomas Mun a Ingila gani suke arzikin ƙasa shine zinare da azurfar da ta tara, saboda haka ka sayar da yawa a waje ka sayo kaɗan. David Hume a 1752 ya nuna cewa in zinaren ya taru farashi zai hau a gida, kayanka suyi tsada a waje, zinaren ya sulale ya fita. Smith kuma a 1776 yace abinda wani ya fika iya yi da araha saya a gunsa, har ya kawo misalin cewa ana iya noman inabi a Sikotland cikin ɗakunan gilashi amma kuɗin zai kai kusan ninki 30 na wanda za'a sayo daga waje. Wannan kowa ya gane, ba gardama.

Gun Ricardo ne aikin yake. A 1817 ya ɗauki Ingila da Fotugal, da kaya biyu, yadi da giyar inabi. Ingila na buƙatar aikin mutum 100 na shekara guda ta saƙa yadin, mutum 120 ta samar da giyar. Fotugal kuwa mutum 90 a yadi, 80 a giya. Kaga Fotugal ta fi ta ko ta ina kenan, in da maganar Smith kaɗai za'a bi ai babu abinda zata nema a gun Ingila.

Na ja layi na raba takarda biyu. In kowa yayi nasa, Ingila ta kashe mutum 220, Fotugal 170, duka 390. Sai na juya, Ingila ta saƙa yadi kashi biyu da mutum 200, Fotugal tayi giya kashi biyu da mutum 160, suyi musanya ɗaya da ɗaya. Kaya basu ragu ba ko kaɗan amma mutum 360 ne sukayi aikin, Ingila ta rage 20, Fotugal ta rage 10. Wallahi ranar bitar da na rubuta wannan a allo wata daga cikinmu cewa tayi in sake, tana zaton akwai wata dabara da na ɓoye, na miƙa mata alli ta buga da kanta ya fito daidai. Sirrin dai shine abinda ka bari don kayi wani abu, a Ingila giya ɗaya tana cin yadi 1.2, a Fotugal kuma bata kai yadi ɗaya ba, wajen 0.89. Farashin musanyar a tsakanin biyun nan zai tsaya, kuma Mill ne ya ƙara da cewa inda zai tsaya ɗin ya danganta da wace ƙasa tafi matsuwa da kayan ɗayar.

Amma fa abinda yafi tsaya min a rai ya fito ne lokacin da nake goge 120 ɗin nan na masu giya a Ingila ina maida su masaƙa. A takarda jan biro ɗaya ne, a zahiri kuwa mutane ne masu iyali da sana'ar da suka tashi a ciki, kuma lissafin yana ɗauka gobe da safe duk sun samu aiki a masaƙa. Bai sa kuɗin jigila ba, sannan ya ginu akan cewa jari baya tsallaka iyaka, Ricardo da kansa ya faɗa cewa da masu kuɗin Ingila basa tsoron kai dukiyarsu waje da can Fotugal zasu kwashe komai su kai. Yau kuwa jari na tsallakawa cikin daƙiƙa.

Ni na yarda da lissafin ɗari bisa ɗari, ƙasa a dunƙule tana cin riba, sai dai bai faɗi aljihun wa ribar zata shiga ba, kuma anan rigimar take tun zamaninsa. Dokokin hatsi na Birtaniya na 1815 da suka tare hatsin waje masu gonaki suka yiwa daɗi, leburori da masu masana'antu kuma suka sha tsadar burodi. Ricardo ya yaƙe su har a majalisa, ya rasu 1823, ba'a soke su ba sai 1846 a hannun firaminista Robert Peel, kuma sai da jam'iyyar Peel ɗin ta dare gida biyu akan haka.