Sunan Baba a Manchester

A gidanmu da ke gindin Dala a Kano, Baba muke ce masa. 'Yan unguwa su ce Malam, abokan kasuwancinsa na Kantin Kwari, inda ya haura shekara talatin yana sayar da yadi, su ce Alhaji. Sunansa na yanka kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Da na haifi ɗana na fari aka sa masa sunan, shi ya sa muke kiran yaron Abba. Ranar da na kai shi firamare a Manchester, mai ɗaukar sunaye ta tambaye ni sunansa, sai harshena ya yi nauyi. Fasfonsa na miƙa mata ta kwafa. Har yau idan na je ɗaukarsa na ji malamarsa ta ƙwala sunan nan gatsal a bakin ƙofa, gabana sai ya faɗi.

Na zo Ingila a ƙarshen 2021 da bizar ma'aikatan lafiya da Birtaniya ta buɗe a 2020. Sai da na ci jarrabawar Turanci da ta kwamfuta tun ina gida, na zo nan na yi ta gwajin aiki da ake kira OSCE, sannan hukumar ma'aikatan jinya ta ba ni lambar aiki. Wata shida na yi ni kaɗai a ɗaki guda kafin maigidana da yara su iso. Kowa ya ja mini kunne a kan sanyi, amma shi rigar sanyi na maganinsa. Abin da ya kusa karya ni shiru ne. A Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe huɗu, ka fita cikin duhu ka dawo cikin duhu, kuma duk layin babu wanda ya san 'yar gidan wa ce ni.

A Kano kuwa ban taɓa buƙatar gabatar da kaina ba, ana ganina an san 'yar gidan Malam ce. Baba ba ya wucewa gida kai tsaye daga sallar asuba. Sai ya bi lungu yana sallama, ya duba mara lafiya, ya tsaya ƙofar gidan da aka yi rashi ko da an yi arba'in. A zaurenmu ake sasanta ma'aurata da masu rigimar kwata. Marayun da ya yi wa waliccin aure ban san iyakarsu ba, kuma in an ɗauki makara a unguwar, da kafaɗarsa a ciki. Yayana ya gina masa gida mai fili a bayan gari, ya je ya gani, ya sa albarka, ya dawo abinsa. Cewa ya yi, "In na koma can, wa zan gaisar da safe?"

Duk Juma'a muke waya ta WhatsApp. Yakan kanga wayar dab da fuskarsa, hula da goshi kawai muke gani. Ya tsokani Abba, "Takwara, Turawa sun ƙwace mini kai ko?" Ya ce wa ƙanwar Abba amaryarsa, ita kuma ta ce ta fasa auren tunda bai aiko da alawa ba. In ya gama da jikoki ya juyo kaina, tambayarsa ɗaya ce: "Kin san maƙwabtanki?" Na ce, "Baba, nan ba a haka." Ya ce, "Ba a haka, ko dai ke ce ba ki yi ba?" Nakan yi dariya in sauya zance. Wannan dariyar tana damuna yanzu.

Ya rasu ina aikin dare, wayata na kulle a loka. Da sanyi Najeriya na gaban Ingila da awa ɗaya, don haka lokacin da na tashi ƙarfe takwas na ga kiran 'yan gida rututu, a Kano tara ta yi, har an yi masa sutura. Ina cikin bas ƙanina ya ɗaga mini waya na ga sahu ya cika lungu ya fito titi. Kafin in isa gida an kai shi maƙabartar Ɗandolo. Babu jirgi kai tsaye daga Manchester zuwa Kano, ko da akwai ma ba zan riske shi ba. A wurin aikina na saba ganin mamaci ya yi kwanaki ana jiran takardu. Na san namu shi ne gata, shi ma abin da zai so ke nan, amma wanda ke nesa ana barinsa ne da waya a hannu.

Hausawan da muka sani a garin sun zo gaisuwa, Allah ya saka musu. Ranar bakwai na jiƙa waken da na sayo a Cheetham Hill na soya ƙosai na sadaka, ya yi yawa, ga ba almajirai ba yaran unguwa. Na daɗe tsaye a kicin. Sai na zuba a faranti biyu, na ja hannun Abba. Gidan dama 'yan Pakistan ne, suna jin dalili suka yi masa addu'a. Na hagu wata tsohuwar Baturiya ce da ke zaune ita kaɗai, wadda muka yi wata da watanni iyakarmu murmushi.

Washegari ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti a wanke, da kati da furanni. Ta zauna, na ba ta shayi, na nuna mata hotonsa a zaure da babbar riga. Ta tambaye ni sunansa. Na dubi Abba, na dubi hoton, na faɗa mata, na ce Allah ya jiƙansa. Ta maimaita sau biyu har ta iya.

Yanzu Abba ne ke fitar mata da kwandon shara duk mako, ni kuma in na dawo aikin dare nakan tsaya in ƙwanƙwasa in ji yadda ta kwana.