Hannun Kamu: Darussa daga Ɗakin Awon Magungunan Kashe Ƙwayoyin Cuta

Duk wanda ya daɗe yana awon magungunan kashe ƙwayoyin cuta zai gane cewa halin da ke sa magani aiki a jiki, shi ne ke ɓata lissafi a ɗakin gwaji. Magani yana da hannun kamu. Gurbi yake nema a jikin bakteriya ya manne, ya hana ta gina bangonta ko ta hayayyafa. Sai dai hannun ba ya zaɓe. Yana kama ƙarfe, yana kama furotin na jini, yana manne wa bututun na'ura, yana riƙe ruwa. Yawancin alƙaluman banza da ke fitowa daga na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur ta auna kowanne, daga nan tushensu yake.

A fara da ruwa, domin shi aka fi rainawa. Amoksisilin da ke cikin kafso ba shi kaɗai ba ne, kowace ƙwayar sinadarinsa tana riƙe da ƙwayar ruwa uku. A ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari, nauyin zallarsa 365.4 ne, da ruwan kuwa 419.4. Ke nan kafson da aka rubuta wa miligiram 500 yana buƙatar hoda kusan miligiram 574. Idan mai awo ya auna hodar ma'auni, wato wadda ake gwada samfur da ita, ya ɗauke ta a kan kashi 100, alhali wajen kashi 87 ne maganin, duk sakamakonsa zai hau da kusan kashi 15 cikin ɗari. Kafson da ainihin ƙarfinsa kashi 80 ne sai ya fito 92, ya haye iyakar kashi 90 da kundin magunguna na Amurka ya gindaya wa kafson amoksisilin, ya tafi kasuwa da takardar shaida. Babu na'urar da za ta yi ƙara ta ce an yi kuskure. Shi ya sa ake karanta takardar hodar ma'auni kafin a buɗe kwalbar, a ga ko ƙarfin da aka rubuta na hoda ne yadda take ko na bayan an cire ruwa, a kuma auna ruwan da hanyar Karl Fischer, wato gwajin da ke nuna yawan ruwan da ke cikin hoda. Ga amoksisilin mai ruwa uku, ya kamata ya faɗa tsakanin kashi 11.5 da 14.5. Siprofuloksasin ma haka: miligiram 500 na maganin daidai yake da kusan 582 na gishirinsa da ke cikin ƙwaya.

Dangin penisilin suna da wani zobe mai kusurwa huɗu da ake kira bita-laktam. Zoben a takure yake, kamar tarkon da aka ɗana. Idan ya haɗu da enzayim ɗin, wato furotin mai aiki, da bakteriya ke gina bangonta da shi, sai ya buɗe ya ɗaure enzayim ɗin ɗaurin da ba ya kwancewa da sauƙi. To, ruwa mai tsami sosai ko mai kaifin kanwa, zafi, har ma da metanol idan an bar maganin a ciki, duk suna iya tsinka tarkon tun kafin ya ga bakteriya. Saboda haka ake narkar da amoksisilin a ruwan fosfet mai pH 5.0 (pH ma'aunin tsami ne ko kaifin kanwa na ruwa), a kuma yi amfani da shi cikin sa'o'i shida. Wanda ya haɗa ruwan ma'auni da safe, wuta ta ɗauke, ya dawo washegari ya ci gaba da shi, ma'auninsa ya riga ya ragu, samfurinsa kuwa zai yi kamar ya fi ƙarfinsa.

Akwai wani tarkon a nan da ya kamata kowane ɗalibi ya sani kafin ya rubuta kundin digiri. Idan zoben ya buɗe, sauran jikin sinadarin yana nan, kuma yana shan hasken UV kusan yadda lafiyayyen ke sha. Awo da na'urar haske kaɗai zai ƙirga mataccen magani tare da mai rai. HPLC ce ke raba su: bututun C18, wato bututun rarrabewa mai cike da hodar silika, ruwan fosfet kashi 96 da asitonaitiril kashi 4, a karanta da hasken UV mai tsawon zango nanomita 230, sai ruɓaɓɓen ya fito da wuri, lafiyayyen ya biyo baya. Wannan ba ƙaramin zance ba ne a yankin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Damagaram, magani kuma yana kwana a shago mai rufin kwano. Amoksisilin ɗin da aka haɗa da sinadarin kilabulanet ya fi kowanne rauni, danshi kaɗan ke cinye shi, kuma da zarar an zuba wa hodar yara ruwa, firji ne mazauninta.

Ƙarfe shi ne babin da ya fi tsawo. Siprofuloksasin yana da hannaye biyu maƙwabtan juna, a gurbi na 3 da na 4 na jikinsa, da suke cafke ƙarafa irin su magnesiyam, kalsiyam, alminiyam, zinki da ƙarfen jini kamar yadda awartaki ke kama garwashi. Da wannan kamun yake kashe bakteriya: magnesiyam guda da ƙwayoyin ruwa ne ke zama gada tsakaninsa da enzayim ɗin da ke warware murɗewar DNA. Tetrasaikilin ma ta hanyar magnesiyam yake mannewa a injin ƙera furotin na bakteriya. Amma idan ƙarfen ya riga bakteriya zuwa, a cikin hanji, sai su dunƙule su zama abin da jiki ba ya iya tsotsa. Maganin gyambon ciki mai alminiyam da magnesiyam na iya rage siprofuloksasin da ke shiga jini da kusan kashi 90. Ƙa'idar ita ce a sha shi sa'a biyu kafin irin waɗannan, ko sa'a shida bayansu. Mai shan tetrasaikilin ya kora da fura da nono, ko mai ciwon mafitsara da ke haɗa siprofuloksasin da maganin ƙarin jini, za su ce maganin jabu ne, alhali a ɗakin gwaji ƙwayar za ta fito cif. Abin takaici ne yadda wannan bayanin, da bai wuce jumla biyu ba, ba ya kai wa ga mai saye a mafi yawan lokuta.

A cikin na'ura, kamun ƙarfen nan yana bayyana a siffar tsinin da ke fitowa a allo idan magani ya fito daga bututun. Maimakon ya tashi ya sauka a tsaye, sai ya ja jela. Dalili biyu ne galibi. Ko dai maganin yana kama burbushin ƙarfe a matatar bakin bututu da cikin silika, ko kuma ɓangarensa mai naitirojin yana manne wa guraben silikar da ba a rufe ba. Ga siprofuloksasin, ana saukar da ruwan da ke ɗaukar samfur zuwa pH 3.0, da asid na fosforik da tirayitilamin, wanda ke riga maganin zama a waɗancan guraben. A haɗa kashi 87 na wannan da kashi 13 na asitonaitiril, a karanta a nanomita 278. Daidaita pH ɗin ba ado ba ne. Siprofuloksasin yana sauya caji a wajen pH 6 da kuma kusa da 9, don haka wanda ya yi aiki kusa da waɗannan wuraren zai ga lokacin fitowar tsini yana yawo daga allura zuwa allura, wato duk lokacin da aka sake tura samfur cikin na'urar. Kuma a gwada pH a ɓangaren ruwa kafin a zuba asitonaitiril, ba bayan an zuba ba.

Tetrasaikilin ya fi taurin kai. Mai neman ragowarsa a madara ko nama, inda iyakar da Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta sa wa madara ita ce maikurogiram 100 a lita, dole ya fara ƙwace shi daga hannun kalsiyam. Ana yin haka da wani ruwan haɗi da ake kira McIlvaine, mai pH 4.0, da aka sa wa sinadarin EDTA, domin EDTA ta fi shi ƙarfin kamun ƙarfe. Idan aka tsallake wannan, abin da za a samo zai yi ƙasa ƙwarai, a rubuta cewa madarar tsaf take. Sannan kada a bar shi ya daɗe a ruwa mai ɗan tsami, domin yana juyewa ya koma wani ɗan'uwansa marar ƙarfi. Ɗaya daga cikin abubuwan da yake rikiɗa ya zama idan ya tsufa cikin zafi da danshi yana lalata ƙoda, an kuma ga haka tun shekarun 1960 a jikin waɗanda suka sha tetrasaikilin da ya lalace. Don haka awon ƙarfi kaɗai bai isa ba a kansa, sai an nemi ruɓaɓɓun da sunansu.

Sai furotin. Seftiriyazon yana manne wa albumin, wato babban furotin na jini, da kashi 85 zuwa 95, kuma kason yana raguwa idan maganin ya yi yawa, domin guraben sun cika. Wanda bai manne ba shi ke kashe bakteriya. Ana auna shi ta hanyar tace ruwan jini da matata mai hana albumin wucewa, amma sai an riƙe zafi a digiri 37 da pH a 7.4. Ruwan jinin da ya zauna yana fitar da iskar kabon, pH ɗinsa ya hau, kamun ya canja. Ita ma matatar tana iya shanye wani kaso, saboda haka a fara tace maganin a ruwan da babu furotin, a ga nawa ya dawo. Gurbin da seftiriyazon ke zama a albumin yana ture bilirubin, sinadarin da ke jawo shawara, shi ya sa ba a ba jariri mai shawara. Yana kuma haɗuwa da kalsiyam ya zama gari, don haka ba a narkar da shi a ruwan Ringer, wani ƙarin ruwa mai kalsiyam, ba a kuma haɗa shi da ƙarin ruwa mai kalsiyam ga jaririn da bai wuce kwana 28 ba.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ko jabu ne ko ba su kai inganci ba. Masu awo na da nauyin gano su, kuma suna da nauyin kada su ɗora wa magani laifin hannunsu. Kafin a rubuta cewa samfur ya faɗi, a yi wa ruwan ma'auni allura sau biyar ko shida, bambancinsu kada ya wuce kashi 2. A duba jelar tsini. A zuba sanannen adadin magani a cikin samfurin a ga ko ya dawo cikakke. A auna hodar ma'auni karo na biyu, daban da ta farko, a gwada su da juna. Idan duk waɗannan sun tsaya daidai kuma samfurin bai kai ba, sai a ajiye ragowarsa a rufe, a wuri mai sanyi, da lambar rukuninsa da ranar da aka karɓe shi, domin wani ɗakin gwajin ya maimaita.