Sojan b2 da ya ci mini sarauniya

Kwana uku ke nan da wasan ces (chess) ɗin, amma har yanzu in na rufe ido gidan b2 na allon nake gani (kowane gida a allon ces da harafi da lamba ake kiransa).

Zagaye na huɗu ne na gasar ces, ni ke riƙe da baƙaƙe. Makina na Elo, ma'aunin ƙarfin ɗan wasa, 1640, na abokin karawata 1850, wani dattijo mai shiru-shiru. A lissafin Elo, in tazara ta kai 200, ana sa ran na sama ya kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na makin. Na san da haka, shi ya sa na ce bari in dagula masa lissafi tun daga buɗin wasa.

Ya buɗe da e4, na amsa da c5, buɗin wasan da ake kira Sisiliyan ke nan, muka bi reshensa mai suna Najdorf. Da ya turo f4 a taku na 7 na fito da sarauniya b6, ya ajiye tasa a d2, ya bar sojan b2 ba mai gadi. Soja mai guba ake ce masa. Na haɗiye shi.

Mako biyu na yi ina haddace abin da ke biyo bayan hasumiya zuwa b1, karatun aku kawai. Bawan Allah ko taɓa hasumiyar bai yi ba. Ya janye doki zuwa b3, ya miƙe ya tafi shan ruwa.

Abin da ake yi a nan shi ne a fitar da sarauniya zuwa a3 ba ɓata lokaci. Haka Fischer ya yi a wasa na 11 na karawarsa da Spassky ta neman kambun ces na duniya a Reykjavik a 1972, kuma ko shi bai sha ba, don a taku na 14 Spassky ya mayar da ɗayan dokin gida b1, ya hana sarauniyar sakat har ta faɗi. Wasan nan na bi shi ya fi sau goma. Ranar kuwa kaina ya ɗau zafi.

Na fito da bishof e7. Ya tura soja a3, ɗan taku kamar na mai gyangyaɗi. Na ɓoye sarkina ina jin daɗi. Sai ga hasumiya a a2.

Gabana ya faɗi. Na bi gidajen da sarauniyar za ta iya sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da mai jiranta. Minti 25 agogo ya ci ina zuru. Na karɓi hasumiya a madadinta, na ja wasan da ƙyar zuwa taku na 30, na miƙa hannu.

Maki 5 kacal na rasa, ba su ne suka dame ni ba. Da muka sake jera allon, dattijon ya ɗora yatsa a kan a3 ya ce, "Malam, ai ƙofarta ɗaya ce, kai ka bar mini ita a buɗe."

Ranar Asabar ma baƙaƙe ne a hannuna, kuma c5 ɗin zan sake bugawa.