Yaron da ba ya zama wuri ɗaya

Ƙannena da kuka fito daga kwalejin ilimi aka damƙa muku aji, ku sani cewa za ku tarar da yaro ɗaya ko biyu da ba sa zama. Wani kaɗa ƙafa yake yi har benci ya girgiza, wani tauna wuyan riga ko murfin biro, wata kuwa da ruwan sama ya fara dukan kwanon rufi sai ta toshe kunne ta fashe da kuka. A farkon aikina duk rashin ji na ɗauke shi, maganinsa kuma bulala da kamun kunne. Yaro ya daskare don tsoro, ni in ce ya natsu, alhali hankalinsa duka ya tafi ga riƙe jikinsa, babu ragowar da zai ba karatu. Har yau hakkin yaran nan yana damuna.

Wata ƙwararriya 'yar Amurka, Jean Ayres, ta yi shekaru tana aiki da irin waɗannan yara, ta kuma fitar da littafi a kansu a 1972. Bayaninta shi ne ƙwaƙwalwa kullum tace saƙonni take yi, na ido da kunne da fata, da na cikin kunne mai kula da daidaiton tsayuwa, da na tsoka da gaɓoɓi. Wani yaron saƙon yawa yake yi masa, ƙarar da kai ba ka ma lura da ita ba shi azaba ce. Wani kuma bai ishe shi ba, sai ya nemo da motsi. An fi ganin haka ga masu galahanga, wadda Turawa ke kira autism, da masu larurar rashin tattara hankali, amma ba su kaɗai ba ne. Mu ma mun san abin tun tuni. Ku leƙa makarantar allo, babu alaramman da ke hana almajiri rangaji yana hadda, don ya san da rangajin karatun ke zama.

Da na fahimci haka sai na zarce. A 2017 abin wasan nan da ake juyawa tsakanin yatsu ya cika duniya, ana cewa yana sa natsuwa. Na sayo na raba. Ajin ya koma filin gasa, kowa idonsa na kan na maƙwabcinsa. Makarantu da yawa a Amurka da Ingila sun hana shi a shekarar. Duk abin da ke walƙiya, ko yake ƙara, ko sai an kalle shi, kayan wasa ne. Na kirki shi ne wanda hannu ko ƙafa ke aiki da shi ido yana kan allo.

Kuma ba sai da kuɗi ba. Tsohuwar robar tayar keke a ɗaure a ƙafafun benci, mai kaɗa ƙafa ya dinga tura ta shiru. Ƙyalle a ɗinke da ƙwallayen dabino a ciki don mai son murza abu, amma a ɗinke shi sosai, ƙananan yara suna haɗiyewa ko su cusa a hanci. Mai gudun hayaniya a ɗauke shi daga bakin taga da ƙofa. Wanda na fi ganin amfaninsa ma ba kaya ba ne, aike ne: ya ɗauko tarin littattafai daga ofis, ya goge allo, ya gyara benci. Aikin da ke sa tsoka ta ja nauyi yana kwantar da yara da yawa, kuma babu wanda zai yi masa dariya, gata ma ake gani.

Na taɓa shimfiɗa tabarma a lungun aji don wanda abu ya yi wa yawa ya je ya huta, sai na fara kora masu laifi can. Ba a jima ba ta zama wurin horo, yarinyar da na shimfiɗa dominta ta ƙi kusantarta. Haka nan kada ka ƙwace wa yaro abinsa don ya yi laifi, ba lada ba ne. Kada kuma ka dafa shi ko ka riƙe shi da sunan lallashi sai ka tambaye shi, akwai wanda taɓawar ce ke tayar masa da hankali.

Kafin ka ba yaro komai, ɗauki mako guda kana lura: yaushe abin ke tashi, bayan tara ne, ko sa'ad da zafi ya yi tsanani, ko da an fara karatun baki ɗaya? Tambayi mahaifiyarsa yadda yake a gida. Sau da yawa yunwa ce, ko rashin barci, ko ba ya ganin allo. In kuwa yana buga kansa, ko yana cizon hannunsa, ko ya kai shekarun makaranta magana ba ta zauna ba, roba da ƙyalle ba za su wadatar ba. Ka zauna da iyayensa cikin mutunci, ba a gaban yara ba, ka ba su shawarar kai shi sashen yara na babban asibiti.