Kwana uku ina cewa haƙori ne

Har yau in na ji mace ta ce "ai zawon haƙori ne, zai wuce", sai gabana ya faɗi. Da bakina na faɗi haka kwana uku a jere, yarona ɗan wata takwas yana ta tsuga ruwa.

A Bolari muke, nan cikin Gombe. Ranar farko uwar mijina ta taɓa dasashinsa ta ce haƙori ne. Ban musa ba, mace ce da ta raini 'ya'ya tara. Na aika kemis aka sayo Flagyl. Amma abin da ke ci mini rai, ba wanda ya sa ni: na rage masa nono da ruwa, wai in cikin ya huta zawon zai tsaya.

Dare na uku maɗigarsa ta faɗa, idanu suka zurma, yana kuka ba hawaye. Tun azahar bai yi fitsari ba. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare kamar tsumma.

"Maman yaro, kin ba shi ruwan gishiri da sukari?"

Na sunkuyar da kai. Ƙunshi biyu na ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukarin, suna cikin kwabata tun ranar rigakafi, ban taɓa buɗewa ba.

Da ƙyar aka samu jijiya aka sa masa ƙarin ruwa. Yarinyar da ke gadon kusa da mu ba ta kai asuba ba. Uwarta ma haƙori aka ce mata.

Da safe ma'aikaciyar ta zaunar da ni. Ta ce ƙarewar ruwan jiki ke kashe yaro, kuma ni da hannuna na ƙara masa matsalar. Ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa, wato leda biyu na fiya wata, ana ba shi da cokali duk bayan zawo. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya yi awa 24 a zubar. Ƙwayar zinc kullum, kwana 10 zuwa 14, ko zawon ya tsaya. Nono kuwa ba a tsayar da shi ko kaɗan, ƙarawa ma ake yi.

Alhamdu lillahi, kwananmu huɗu aka sallame mu. Haƙorin bai fito ba sai bayan wata biyu.