Na yi wa faifan ajiyata fomat, sai ya ɓace

Jiya da daddare na ce bari in share faifan ajiyata na waje, na yi masa fomat, ina gamawa na cire na sake sokawa sai shiru, fitilarsa na kamawa, in na ɗora kunne ina jin yana juyawa a hankali, amma kwamfuta ko alamarsa ba ta nuna ba. Gabana ya faɗi wallahi.

Na canza kebul, na canza ramin USB, duk a banza. Can na buɗe Disk Management na Windows, wato wurin da ke nuna duk faifan da ke jone da kwamfuta, sai ga shi kwance, ashe harafin da Windows ke kiran faifai da shi (irin su C ko D) ne ba shi da shi, na danna dama na ba shi E, nan take ya fito. Da kalmar RAW na gani a wurin, wato Windows bai gane tsarin faifan ba, da fomat ɗin ne bai kammala ba, sai an sake.

Wani sakacin kuma nawa ne, tsarin fomat na NTFS na zaɓa, Mac kuwa, wato kwamfutar Apple, karantawa kawai yake yi ba ya rubutu a kai. Dole na maimaita da tsarin exFAT, tunda tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce 4GB, ni kuma bidiyo nake tarawa.